Injin Gyaɗa da Tudu na Uku

Duk wanda ya taɓa bin layin masu walda a Kilomita Biyar, nan Bangui, ya san Baba Abdulgani, in ma bai san sunansa ba to ya san kekensa, wani baƙin keke tsoho mai kariyar ɗaura kaya gaba da baya da ƙararrawa irin ta da wadda in ya danna ta har ƙarshen layi sai an ji. A unguwar aka haife shi. Kakansa ne ya zo daga wajen Damagaram da fatauci ya zauna, 'yan'uwan Baba Abdulgani kaf masu shago ne a kasuwa, shi kaɗai ne zama ya gagara. Babansa ya sa shi a shagon atamfa yana ɗan shekara sha tara, sati biyu ya yi yana miƙewa yana zama yana leƙen titi, ƙarshe uban ya gaji ya saya masa keke ya ce je ka ka yi ta yawon tunda shi ke ranka.

To da wannan keken ya ci abinci shekara talatin da uku. Da asuba zai ɗaure sabulu da gishiri da ashana da allura da batir da magi, ya bi hanyar Mbaiki ya haye gadar Mpoko, ya ɗan taɓa kwalta sai ya saki ya shiga jar hanyar tsakuwa, irin wadda mota ba ta bi, tudu gangare tudu gangare, nan gonar rogo can kurmi mai duhu da sanyi har tsakar rana, ƙauye bayan ƙauye. Ya dawo da ganyen miya da ake kira koko da zuma da manja, in lokacin makongo ne, tsutsar nan ta kurmi da ake ci, ya ciko kwando. Bai taɓa riƙe taswira ba kuma bai damu da sunan da gwamnati ta sa wa ƙauyukan ba, shi yake raɗa wa hanyoyinsa suna. Akwai Ruwa Biyu, akwai Hanyar Birai, akwai Gangaren Alhasan. Shi Alhasan abokinsa ne tun suna yara, mai walda, sau ɗaya tak ya aro keke ya bi shi wai shi ma zai ga duniya, birki ya ƙi kamawa a gangaren ya zarce cikin kududdufin da mata ke jiƙa rogo, kwana uku yana warin gozo, wato jiƙaƙƙen rogo. Har yau in suka haɗu a masallaci Baba Abdulgani sai ya ɗan ja hanci ya tambaye shi ko yau ma daga rafi yake.

Mutanen ƙauyukan su ma ba su san shi da Abdulgani ba. Yeke-yeke suke ce masa, da Sango a hankali a hankali ke nan, don ba ya gudu da keke ko a gangare, kuma in mata suka rufe shi kowa tana jan kaya abin da yake faɗa ke nan. In ya doso gari yana danna ƙararrawa biyu, ya tsaya, ya ƙara ɗaya, kowa ya san ya iso.

Ƙauyen da ya fi so shi ne wanda yake kira Bayan Tudu na Uku. Akwai wata mata a can, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya huɗu, da markaɗen gyaɗa take riƙe da su, tana da ɗan injin hannu na ƙarfe da ake ɗaurewa a bakin tebur a yi ta juyawa. Shi Mama ti karako yake ce mata, wato mama mai gyaɗa. Ita 'yar coci ce amma ta ajiye masa tabarma guda da buta da ba mai taɓawa, in ya iso ta shimfiɗa masa a ƙarƙashin mangwaro ya yi azahar ya sha ruwa ya wuce. Shekara goma sha biyar suna haka, ba wanda ya taɓa tunanin tambayar sunan wani, ga suna kowa yana amsawa.

Ranar wata Talata a ƙarshen shekarar 2013 ya same ta a zaune ta rafka tagumi, ƙarfen cikin injin mai murɗa gyaɗa ya karye gida biyu. Shi kuwa niyyarsa ya wuce gaba can ƙauyukan cikin kurmi sai sati ya dawo gida. Ta roƙe shi ya juya Bangui a ranar ya kai a liƙa mata, don in ba injin yaran ba su da na tuwo. Ya ce to ba komai, ya ɗaure injin a kariya ya juya, ya ce mata Asabar yana nan. Laraba Alhasan ya yi waldar tsaf. Alhamis yaƙi ya ɓarke, Bangui ta kama da wuta.

Abin da ya biyo baya kowa a unguwar ya sani, ba sai an tona ba. Kilomita Biyar ta koma kamar ɗaki da aka kulle ta waje, mutum ko unguwar Miskine ba ya iya leƙawa balle gada. Wasu suka hau manyan motoci suka bar ƙasar, 'yan'uwansa biyu ma sun tafi, shi ya zauna da matarsa Ummuhani da 'yarsu Sharifa, ya koma facin taya a ƙofar gida. Injin kuwa ya shafe shi da mai ya naɗe a buhu ya tura ƙarƙashin gado, duk Juma'a ya jawo ya goge ya juya mariƙin sau biyu uku ya mayar.

A nan rigima ta taso, don Ummuhani ita ma kullum sai ta yi miyar gyaɗa kuma da turmi take dakawa. Wata ran tana cikin daka ta jingine taɓarya ta leƙo ɗaki.

"Baban Sharifa, inji lafiyayye yana barci a ƙarƙashin gadona ni kafaɗata tana ƙara kamar ƙofar kwano. Kofi ɗaya fa zan markaɗa."

"In haƙorinsa ya cinye a gidana me zan ce wa mai shi?"

"Mai shi wa? Faɗa min sunanta."

Sunan kuwa bai san shi ba. Ta ce to Allah ya ba shi ladan gadin ƙarfe, ta koma ta ci gaba da daka da ƙarfi yadda zai ji. Amma ko da ba ya gida ba ta taɓa jawo buhun ba, wannan shi da kansa yake faɗa.

Abin da ke cinsa shi ne ya ɗauke wa mata abincin 'ya'yanta ya ce Asabar, kuma a lokacin da kowa ke zargin kowa, me za ta ce in ba ga shi nan Musulmin Kilomita Biyar ya gudu da injinta ba. Da hanya ta fara buɗewa ya so ya aika, direbobin Mbaiki suka tambaye shi sunan ƙauye bai sani ba, sunan mata bai sani ba, suka yi ta dariya. Sai ya ɗauki maƙwabcinsa Idi mai moto, wato babur, su je tare. Nan ma ba a dace ba, moto yana ta fyalla gudu komai yana wucewa fuu, mararraba ta yi kama da mararraba, sun yini suna zagaye har mai ya kusa ƙarewa suka dawo. A ranar ya gane shi ba da ido ya san hanyar ba, da cinya ya san ta. In yana hawan tudu na uku akwai inda cinyarsa ta dama ke fara zafi, to daidai nan ake karyawa hagu, shekara da shekaru bai taɓa dubawa ba. Ke nan in ba a kan keke ba kuma in ba shi ba, ba wanda zai kai injin nan.

Ummuhani ta ce ba inda za shi, ƙauyukan nan ba a san me ke zuciyar mutane ba yanzu. Shekara ta wuce, wata ta wuce. Rannan ta hango shi yana hawan matakalar masallaci guda uku kacal sai da ya dafa bango, ya kai sittin da ɗaya gwiwa ta fara magana. Da ya dawo ya tarar ta jawo buhun da kanta ta ajiye a tsakar gida. Ta ce masa in ya ƙara shekara ɗaya ƙafar ba za ta kai shi ba, kuma ita ba za ta iya zama da mutumin da zai mutu yana kallon ƙarƙashin gado ba, ya ɗauke mata shi.

Wata guda ya yi yana gwada ƙafa, bayan asuba ya ɗaura bulo biyu a kariya ya zaga unguwar Kokoro ya zaga Miskine ya dawo yana haki. Alhasan ya sa masa sabuwar sarƙa ya ɗaure birki, yana yi yana tsiya, wai in ya isa gangarensa ya gaida masa da kududdufi kuma ya bar wasiyya wa zai gaji keken. Baba Abdulgani ya ce shi zai bar wa, da sharaɗin ya koyi kama birki.

Ƙarshen damina ne, shekara tara cif. Ya yi asuba ya ɗaure injin, Ummuhani ta sa masa soyayyen nama da gurasa a leda, ba ta raka shi ƙofa ba, daga ciki ta ce Allah ya kai ya dawo da shi. A gada masu binciken hanya suka tsayar da shi suka ce ya buɗe buhu, suka ga tsohon injin gyaɗa suka dubi tsohon suka yi dariya suka ce ya wuce. Da ya sauka daga kwalta taya ta taka tsakuwa ya ji wannan ƙarar ƙurus ƙurus a ƙarƙashinsa, wallahi sai da ya share ido da hannun riga. Ciyawa koriya shar ta fi shi tsawo, iska tana ɗauke da warin jiƙaƙƙen rogo da hayaƙi, mata da kwanduna a ka suna ratsewa su ba shi hanya, ya gaishe su da Sango ya ce bara ala su amsa suna binsa da kallo.

Sai dai ƙasar ta canja. Inda ya bari kurmi ne mai duhu yanzu fili ne fetal sai kututture da ramukan gawayi, ƙaton rimin da yake hutawa a gindinsa babu shi. Da, bishiyoyi ne ke rufe ƙananan tuddai ba ka ganin su, yanzu ko'ina ka duba tudu ne, ƙirga ta rikice masa. Ya ce ba komai ai cinya na nan. Yana cikin wani hawa sai ga zafin ya zo daidai inda ya saba, cinyar dama, kuma ga wata 'yar hanya ta yi hagu. Ya yi hamdala ya karya.

Daga wannan kwanar zuwa rafi mai gadar gungume, da yana karanta Tabaraka ne sau ɗaya ya iso. Ya karanta ya gama ba rafi. Ya sake, ba rafi. Hanya tana ta tsukewa, ƙaya ta soke tayar baya, ya yi faci ta sake sacewa, ƙarshe ya cire tif ya cusa busasshiyar ciyawa dam a cikin tayar kamar yadda yake yi da. Karo na uku da ya kai ƙarshen surar sai ga shi a bakin wani ramin gawayi da aka bari, hanya ta ƙare, ba mutum ba kaza, rana ta take tsaka.

Ya zauna a kan kututture yana murza gwiwa, zuciyarsa ta ce masa ƙauyen ne aka tashe shi, ƙila an ƙone, ƙila matar ta daɗe a ƙasa. Yana murzawa yana kallon ƙafar, siririya duk jijiya, sai kawai dariya ta kuɓuce masa shi kaɗai a daji. Cinyar da ya dogara da ita ta ɗan shekara hamsin da biyu ce, wannan da ke jikinsa ta girme ta da shekara tara, tun a tudu na biyu ta yi kuka shi kuma ya gaskata ta.

Ya yi taimama ya yi azahar ya ci naman Ummuhani, ya tura keken ya koma babbar hanya. Yanzu ba rimi ba cinya, sai ya shiga tunanin me kuma ya rage da ba a sarewa kuma ba ya tsufa. Can ya tuna, a tudu na uku tsakuwa tana canja launi, daga ja ta koma baƙa ƙanana masu sulɓi kamar kashin awaki, taya ma kukanta daban ne a kai. Ya hau yana tafe yana saurare, ya gangara, ya haye wata fadama, ya fara wani dogon hawa da ya gagare shi har ya sauka yana turawa yana tsayawa, sai ya ji takalminsa yana zamewa. Ya duba ƙasa, baƙa ce. Gaba kaɗan ga hanyar hagu, kafin ya kai rabin surar ya ji ƙarar ruwa.

La'asar ta yi sanda ya shiga ƙauyen, gidaje sun ƙaru, fuskoki duk baƙi. Wasu maza da ke zaune a gindin bishiya suka miƙe suka tare shi, ba da faɗa ba amma ba fara'a, suka tambaye shi wane ne daga ina. Ya ce Abdulgani, daga Kilomita Biyar. Suka dubi juna suka dubi hularsa suka dubi buhun. Ya ce Mama ti karako yake nema. Ɗaya ya ce masa duk macen da ke garin nan gyaɗa take nomawa, wacce daga ciki, kuma me ke cikin buhu. Mutane suka fara taruwa. Sangon da ya tashi da shi ya nemi ya gudu, hannunsa yana kan kan keke, babban yatsansa ya je kan ƙararrawa shi kaɗai ba da saninsa ba, biyu, ya tsaya, ɗaya.

Ƙarar daka da ake ji daga bayan wani gida ta tsaya. Sai ga wata tsohuwa ta fito da taɓarya a hannu, kanta fari fat, ta ratso mutanen ta tsaya ta ƙura masa ido.

"Yeke-yeke?"

"Ni ne, Mama. Na ce Asabar, na makara."

Ta saki taɓaryar ta zauna a ƙasa daɓas ta rufe fuska da zane. Shi kuwa ya duƙa yana kwance igiya yana ta ba da haƙuri, yana rantsuwa bai gudu da shi ba, ko ƙwayar gyaɗa ɗaya ba a sa masa ba, ga walda nan ta duba. Ita ko kallon injin ba ta yi ba. Da ta samu magana ta ce ita ce za ta nemi gafara, shi fa gaba zai wuce ranar, ita ta matsa masa ya juya saboda ɗan ƙarfenta, kwana biyu suka ji abin da ya faru a Bangui, tun daga nan ta sa a ranta ita ta tura shi aka kashe shi. Ta ce duk shekara in an zo addu'ar matattu a coci sai ta sa a ambace shi, mai karanta sunaye ya tambaye ta sunan mamacin ta ce Yeke-yeke, haka ya rubuta, haka ake kira. Mutumin da ya tare shi da tambaya ya riƙe baki ya ce ashe wannan ne, shekara tara suna cewa amin a kansa ga shi da keke. Wuri ya kaure da dariya, har masu kuka.

Aka fito da tebur aka ɗaure injin. Tana zuba gyaɗa ta tambaye shi ina ya ajiye shi duk shekarun nan ba tsatsa, ya ce ƙarƙashin gado. Ta ce matarsa fa da me take markaɗe, ya ce da turmi. Ta tsaya da juyawa.

"Ni nan da turmi, ita can da turmi, inji yana kwance? Kai ɗan'uwana, hankalinka ma yeke-yeke yake zuwa."

Markaɗen farko ba ta bari kowa ya lasa ba, ta cika wata kwalba ta ɗaure bakin da ganye ta ce na matarsa ne, a ce mata singila mingi, an gode ƙwarai. Sannan ta shiga ɗaki ta fito da tabarma, ta tsufa gefenta ya zare amma ita ce, ta shimfiɗa masa a ƙarƙashin mangwaron. Bayan ya sallame ne ya tambaye ta sunanta. Filomen. Ita ma ta gwada nasa sau uku harshenta yana karyewa, ta ce a'a ita dai Yeke-yeke ta sani. Ƙauyen ma ashe yana da suna, Ndimbala, ya sa aka rubuta masa a takarda.

Washegari suka nemo masa tif a garin ya kamo hanya, bai ɓata ko sau ɗaya ba, ya shigo unguwa kafin magariba. Ummuhani tana jin ƙararrawa daga kan layi ta fito ba ko takalmi, da ta ga shi ne lafiya sai ta tsuke fuska ta ce ai ta zaci sai wata Asabar ɗin. Ya miƙa mata kwalbar ya faɗa mata saƙon Mama Filomen har da zagin da ya sha. Ta ce ita wannan mata tun ba ta gan ta ba ta san mai hankali ce.

Ta yi miyar koko da gyaɗar aka kira Alhasan, yana ci yana cewa santsin nan duk aikin waldarsa ne a riƙa gode masa. Ummuhani ta ɗanɗana ta ce lallai ya fi na turmi laushi. Baba Abdulgani ya miƙe ƙafafunsa a tabarma yana shafa cinyar dama, ya ce alhamdu lillahi, ta yi masa ƙarya a hanya amma dai ta kai shi.

Yanzu da yake yana da sunan ƙauyen a takarda Idi ne ke kai shi da moto bayan wata biyu biyu, Ummuhani ma ta je sau ɗaya ta kwana biyu. Keken yana nan yana zaga unguwa da shi. Amma in sun doso Ndimbala sai ya sa Idi ya kashe moto, ya ciro ƙararrawar daga aljihu, don kwance ta yake yi ya tafi da ita, ya danna biyu, ya tsaya, ya ƙara ɗaya.